Jakin sama da na yi rani biyu ina yi wa hidima

Janareto aka kira ni in duba. Mai kiran wani dattijo ne, tsohon matuƙin jirgi da ya ajiye aiki ya koma noma. Gonarsa na hanyar Lagdo, masara da damina, albasa da rani. Na ɗaure akwatin kayan aiki a bayan moto, wato babur, na bar unguwar Yelwa ta Garwa, a arewacin Kamaru, bayan sallar asuba, na tsallake gadar Binuwai tun hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba. Aikin bai ci awa 2 ba, matatar gas ce ta toshe. Ina wanke hannu a bakin rijiya sai idona ya faɗa cikin wata rumfar kwano mai buɗaɗɗen gaba, na hango hancin ƙaramin jirgin sama da farfela mai ganye uku.

Na ce, "Baba, wancan yana tashi kuwa?"

Ya ce, "Yana tashi, Malam. Zo ka gani, ai hannunka na inji ne."

Mu mutanen Garwa ƙaramin jirgi ba baƙonmu ba ne. Mun daɗe muna ganin 'yan ƙananan nan na sojojin sama, ƙirar Tétras ta Faransa, suna kewaya gari da safe ana koya wa matasa tuƙi. ULM muke ce musu, kamar yadda masu Faransanci ke faɗa, wato jirgi marar nauyi mai inji. Amma gani daga nesa daban, ɗora hannu daban. Shekara 23 ina gyaran injin ban ruwa da janareto, ban taɓa taɓa jirgi ba sai ranar. Daga nan na zama mai taya Baba hidimarsa har rani biyu, na hau shi sau 3. Abin da zan faɗa a nan abin da hannuna ya taɓa ne da abin da na karanta a littattafansa, waɗanda Baba ke ajiyewa cikin akwatin ƙarfe saboda gara.

Sunansa STOL CH 701, na kamfanin Zenair; STOL ɗin na nufin mai tashi da sauka a gajeren fili. Duk wanda ya ce maka kyakkyawa ne bai gan shi ba. Jikinsa kamar akwati yake, gefe a miƙe, kusurwa ko'ina, fiffike mai kauri a sama, tayoyi uku masu ƙiba. Ko'ina ka duba layin kawunan ribit ne a kan fallen alminiyum. Ka danna gefensa da yatsa sai ya lotsa ya dawo da ƙara kamar garwar kananzir. Kujera biyu ne gefe da gefe, faɗin ɗakin mita 1 ne ko ya ɗan ɗara, sandar tuƙi guda ɗaya a tsakiya mai kai biyu kamar gwafa, kowa ya kama nasa reshen. Masu shi a Amurka suna kiransa jif ɗin sama. Yaran gonar kuwa jaki suke ce masa, kuma ni a ganina sun fi dacewa da sunan, don wanda ya san darajar jaki a ƙauye ya san wannan yabo ne.

Wanda ya zana shi Chris Heintz ne, haruffan CH ɗin ma na sunansa ne. Haifaffen Faransa ne, ya yi karatun injiniya a Zurich ta ƙasar Siwizalan. Yana cikin waɗanda suka yi aiki a kan Concorde, jirgin fasinjan nan da ya fi sauti gudu, sannan ya zama babban injiniya a kamfanin Robin mai ƙera ƙananan jirage. A 1973 ya kwashe iyalinsa ya koma Kanada, a 1974 ya kafa Zenair a garejin gidansa. Wannan wurin ne ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya yi aiki a kan jirgin fasinjan da ya fi sauti gudu, shi ne ya zauna ya ƙera wanda burinsa ya iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗo ba. CH 701 ya fara tashi a 1986. Daga baya 'ya'yansa suka ci gaba da sana'ar, aka buɗe kamfanin Zenith a jihar Missouri ta Amurka a 1992, aka fitar da ƙanen jirgin mai faɗin ɗaki, CH 750, a 2008. Heintz ya rasu a 2021, amma har yau ana haɗa jirginsa.

Na ce ana haɗawa, don yawancinsu ba a ƙere ake sayensu ba. Ko ka sayi takardun zane ka yanka fallenka da kanka, ko a aiko maka da gutsattsarin a akwati ka haɗa. Shi ya sa Heintz ya guje wa lanƙwasa mai wuya, ya zaɓi miƙaƙƙen falle da ribit irin wanda ake ja da ɗan hannu daga gefe ɗaya, irin dai wanda masu haɗa tagogin alminiyum ke amfani da shi a kasuwarmu, sai dai nasa na musamman ne mai ƙarfi. Munin da ido ke gani, sauƙi ne aka yi wa mai haɗawa da mai gyara. Na Baba wani ne ya haɗa shi a Turai, ya yi shekaru yana hawa, sannan aka cire fukafukan aka sa shi a kwantena ya sauka Duwala.

Sirrinsa duk yana fiffike, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni. Fiffike na ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa a manne. Idan gudu ya ragu, matuƙi kan ɗaga hanci don ya rama, amma akwai iyakar da in an wuce ta iskar za ta saki bayan fiffiken ta hargitse, jirgin ya sunkuya ya yi ƙasa. Da yawa daga cikin haɗurran ƙananan jirage wajen sauka da tashi daga nan suke fitowa. A gaban fiffiken CH 701, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, akwai wani siririn falle lanƙwasasshe kamar leɓe, an kafe shi, an bar kafa tsakaninsa da ainihin fiffiken. Hannuna na shiga kafar ta ƙasa, ta sama kuwa ta tsuke. Iska kan shiga ta ƙasa ta fito ta sama ta kwanta a bayan fiffiken, don haka ko an ɗaga hanci sosai ba ta saki da wuri. Dabarar ta girmi Heintz, Jamusawa sun sa ta a wani jirgi mai suna Storch tun 1936. Abin da ya yi shi ne ya kawo ta inda talakan matuƙi zai iya haɗa ta da hannunsa.

A bayan fiffiken kuma akwai wani dogon falle da ke rataye ƙasa kaɗan, a ware, yana samun tasa iskar mai tsabta. Shi ke karkata jirgin dama da hagu, shi ne kuma ake saukarwa don ƙara ɗauka wajen sauka, aiki biyu a abu ɗaya. Jelar kwance an kifa ta, bayanta na kallon ƙasa, don ta riƙa danne wutsiya hanci ya ɗagu ko gudu kaɗan ne. Jelar tsaye kuwa gaba ɗayanta ke juyawa, ba gefenta kawai ba. Haɗuwar waɗannan ta sa jirgin na iya zama a sama yana gudun da bai wuce kilomita 50 a awa ba sosai. Ɗan moto na wuce haka a kan titin Pitowa.

Injin shi ne abin da na fi sani, shi ne kuma na fi ƙauna. Rotax 912 ne, ƙirar Ostiriya, wanda ya fito a 1989. Jiragen farko na wannan ƙira da injin Rotax mai bugu biyu suka tashi, irin mai cin fetur gauraye da baƙin mai. Wannan mai bugu huɗu ne, silinda 4 a kwance, biyu na kallon biyu, ƙarfin doki 80, girmansa cc 1211, bai kai injin Corolla girma ba. Kawunan silinda ruwa ke sanyaya su, jikinsu kuwa iska. Kafireto biyu ne, kowace silinda filogi biyu, layin wuta biyu da ba su dogara da juna ba, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Yana juyawa har 5800 a minti wajen tashi, sai wata 'yar giya a gaba ta rage juyin kafin ya kai ga farfela. Kuma fetur ɗin mota yake sha, wanda a ƙasarmu wannan babbar rahama ce, don man jirgi na musamman ba ko'ina ake samunsa ba.

Akwai wata al'ada tasa da ta burge ni tun ranar farko. Baƙin mansa ba a ƙasan inji yake zama ba, tankinsa daban ne. Kafin a auna shi da safe, sai a tabbatar makunnan wuta duka a kashe suke, a buɗe murfin tankin, a riƙa juya farfela da hannu a hankali ta inda take juyawa, har sai an ji tankin ya yi gyatsa. Wannan gyatsar ce shaidar cewa man da ya kwana a cikin inji ya koma tanki, sannan sandar awo za ta faɗi gaskiya. Nakan yi wannan aikin da sanyin asuba, kunnena a jikin tanki, kuma har yau ina jin daɗin sautin.

Hawana na farko a watan Nuwamba ne, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazon hunturu ya yi kauri. Baba ya kira hasumiyar filin jirgin Garwa ya sanar da su, kamar yadda yake yi kowane tashi, takardunsa kuma na hukumar jiragen sama a cike suke. Filinsa jan ƙasa ne da aka daddaɓe, tsawonsa bai fi mita 300 ba, yara suka kore awaki. Ya jira zafin baƙin mai ya kai digiri 50, ya gwada layin wuta ɗaya bayan ɗaya, muka yi bisimilla da addu'ar hawa abin hawa. Ya tura mai. Kafin in gama gyara zama hanci ya ɗaga, ƙasa ta sake mu. Da muka dawo na je na taka sawun tayoyin a kan ƙura, taku 80 na ƙirga daga inda muka tsaya zuwa inda sawun ya ɓace. Yadda yake hawa kuma a tsaye-tsaye ne, gabanka sama kawai kake gani.

Muka bi Binuwai zuwa madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka gama ginawa a 1982, wadda kuma wutar da muke sha a Garwa daga gare ta take. Shekara da shekaru ina gyara wa manoman bakin kogin nan injuna, ban taɓa fahimtar yadda ruwan ke tafiya ba sai ranar. Na ga tsoffin hanyoyin da kogin ya bari, a lanƙwashe kamar lauje, cike da ciyawa. Na ga fadamun shinkafa a ƙasan madatsar, da kwalekwalen masunta a kan tafkin, da dorina 5 a wani gurbi, bayansu na ƙyalli. Na gane dalilin da ya sa gonar wani abokin cinikina ke nutsewa duk shekarar da aka saki ruwa, irin 2012 da 2022, alhali ta maƙwabcinsa na tsira: tasa a tsakiyar tsohuwar hanyar ruwa take. A ƙasa ba ka ganin haka. Tunda fiffiken a sama yake, ƙofofin kuma gilashin roba ne mai kumburi, kana iya leƙa ƙasa sosai kamar mai leƙa rijiya.

Yanzu in faɗi inda bai kai ba, don duk alherin da na lissafa da kuɗinsa aka saye shi. Leɓen nan da ke riƙe iska shi ne kuma ke ja da baya. Littafi ya ce yana tafiyar wajen kilomita 130 a awa, Baba kuwa kan bar shi a 120 don tausaya wa inji. In iska ta taso ta gaba sai ka ga motocin hanyar Ngaundere kusan tare kuke tafiya. Wanda ke son zuwa Yawunde ko Injamena cikin gaggawa, wannan ba abin hawansa ba ne. Ƙara ma akwai ta, ba abin kunne ba za ka ji maganar na kusa da kai ba, fallen jikin kuma na kaɗawa kamar ganga. Kafaɗata da ta Baba a haɗe suke tun daga tashi har sauka.

Nauyi shi ne babban sharaɗi. Jirgin da komai nasa bai kamata ya wuce wajen kilo 500 ba, shi kansa kuma ya cinye fiye da rabi. Tankunan fukafukai in an cika su lita 76 ne, wajen kilo 55 ke nan. Abin da ya rage na mutum biyu ne da 'yar jaka. Akwai sikelin albasa a rumfar, kowa sai ya hau kafin ya shiga. Wani babban mutum ya taɓa zuwa da motarsa yana son a zaga da shi, Baba ya ba shi haƙuri cikin girmamawa, ya nuna masa lissafin a takarda, bai ɗauke shi ba.

Sai zafinmu. A Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke wuce digiri 40, iska kan yi sako-sako, fiffike ba ya samun abin kamawa kamar da sanyi, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Da rana ta take, zafin da ke tashi daga ƙasa kan riƙa wurga ƙaramin jirgi sama da ƙasa, kuma mai faɗin fiffike marar nauyi irin wannan ya fi kowa jin jiki. Hawana na biyu mun makara, ba mu sauko ba sai wajen ƙarfe 11, cikina ya juya ƙwarai. Tun daga nan na fahimci abin da ya sa Baba ba ya wuce ƙarfe 9 a sama da bazara. Da hunturu kuma in hazo ya sauko har Dutsen Tingilin ya ɓace, rumfar a rufe take wuni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bai shafi ƙirar jirgin ba, daga wajenmu yake. Wata rana gidan mai ya ƙare, wani yaron gona da kyakkyawar niyya ya sayo zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, a bakin hanya, jarka biyu, ya zuba ba tare da ya bi ta mazurari mai tacewa ba. Da safe na tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki a kwalba kamar kullum, na ɗaga ta ga haske. Ruwa ne kwance a ƙasa, kaurin yatsa, da baƙin gari a cikinsa. Jikina ya yi sanyi. Na miƙa wa Baba. Bai ɗaga murya ba. Ya kira yaron ya nuna masa, ya ce, "Ɗana, a sama babu gindin bishiyar da za mu raɓa mu buɗe inji." Muka zuƙe tankunan biyu ƙaf, muka wanke kofunan kafireto, muka canza matata. Ranar ba a tashi ba. Man muka tace muka zuba wa motocin gona.

Irin wannan ne da yawa. Zanzaro kan yi ɗakin laka a bakin siririn bututun da ke auna gudu, don haka kullum da murfi a kansa mai jan ƙyalle. Ƙaya na huda taya. Ɓera na son wayoyi. Duk wata roba ta inji, tiyon mai da na ruwa da na kafireto, ana canza ta bayan shekara 5 ko da ido na ganin lafiyarta lau, kuma sai an yi odar ta daga Turai a jira makonni. Mu masu gyara a nan mun saba da a lallaɓa, a ɗaure da roba, a kai gobe, don abokin ciniki ba shi da kuɗin sabo kuma albasarsa na jiran ruwa. Ban raina wannan ba, da shi muke raya injunan da masu su suka daɗe da yanke ƙauna. Amma wannan jirgin ba ya karɓar sa. Kowane noti da ma'aunin ƙarfin ɗaurinsa, da sifana mai awo ake ɗaure shi, a kulle shi da waya, a rubuta a littafi da kwanan wata. Wanda ba zai iya wannan haƙurin ba, ko yana da kuɗin sayen jirgi 10, ina roƙonsa da Allah ya bar shi.

Wanda zai iya kuwa, ban san wani abin hawa da ya dace da ƙasarmu kamarsa ba. Masu gadin dazuzzuka irin Buba Njida, inda mahara suka kashe ɗaruruwan giwaye a farkon 2012, ko Zakuma ta Chadi, ido daga sama suke buƙata, mai tafiya a hankali, mai sauka a kan jan ƙasa. Haka mai babbar gona, haka mai kai magani ƙauyen da damina ta yanke. Kuma ba abin da ya fi ƙarfin 'ya'yanmu ba ne. A Kpong ta ƙasar Gana an haɗa irin waɗannan jirage da hannun 'yan mata 'yan ƙasar. Ɗaya daga cikinsu, Patricia Mawuli, da aikin share filin ta fara, ta zama matuƙiya kuma mai gyaran injin Rotax. Duk lokacin da na ga yaran garejina suna haɗa injin da aka kawo mana a buhu, nakan tuna da ita.

Hawana na uku ba na yawo ba ne. Wani Bafulatani maƙwabcin gonar ya zo da magariba, shanunsa 14 sun ɓalle tun shekaranjiya, 'ya'yansa sun bi sawu har ya ɓace musu a kan duwatsu. Tsoronsa kada su faɗa gonar wani a yi rigima, ko su faɗa hannun ɓarayi. Shi ba zai hau ba, ya ce in je a madadinsa, ya kwatanta mini su: farare ne, sai bijimi ja mai karyayyen ƙaho na hagu. Da asuba na juya farfela har tanki ya yi gyatsa, na tsiyayi mai a kwalba ya fito garau, muka tashi. Baba ya rage gudu zuwa 80, muka riƙa bin mayo, wato rafuka, ɗaya bayan ɗaya, ni ina leƙe ta dama. Garke uku muka wuce, duka da makiyayansu. Cikin minti na 40, a wani kwari mai sauran ruwa a bayan tudu, na hango farare a warwatse ba kowa tare da su. Baba ya karkata fiffike muka kewaya sau biyu, ƙasa-ƙasa, har na ga jan bijimin ya ɗago kai, ƙahonsa na hagu guntu.

Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Na danna maɓallin magana na ce, "Baba, 14 ne cif."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Duba mini dutsen can da kyau, Malam, kai za ka kwatanta musu hanya."